Ban da Gawo, Malama

Shekara biyu Malama Hamdiyya ta yi tana koyar da ilimin aikin gona, alhali ba ta taɓa yin wuni guda a gona ba. 'Yar cikin garin Gaya ce. Mahaifinta ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, hatsin gidansu kuwa a buhu yake zuwa. A kwaleji ma ba son ranta ne ya kai ta wannan fanni ba, nan ne kawai ta samu gurbi. Da ta gama aka tura ta wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye na Ajingi. Kullum da sassafe sai ta hau adaidaita sahu daga Gaya, ta dawo bayan azahar.

Koyarwarta ba ta da wahala. Malamin da ta gada ya bar mata wani katon littafi mai baƙin bango, ya rubuce darussan shekara uku a ciki da hannunsa. Sai ta kwafe a allo, 'yan mata su kwafe a nasu littattafan, ta fassara musu da Hausa, sannan ta ce, “Kun gane?” Su haɗa baki su ce, “E, Malama.” Ba ta taɓa samun matsala da kowa ba, kuma shugaban makarantar, Malam Barau, yana yabonta saboda a ajinta ba a jin ko tari.

Ranar da abin ya faru, farkon damina ne, tana aji biyu na babbar sakandare tana bayanin sharar gona. Ta karanto daga allo cewa kafin shuka wajibi ne manomi ya sare duk bishiyar da ke tsakiyar gona, domin inuwa tana hana amfani girma. Ta juyo za ta yi tambayarta ta kullum sai ta ga hannu a sama, can layi na uku.

Barira ce, wata doguwar yarinya 'yar asalin Kademi da ke zaune a gidan kawunta a ƙauyen. Ba ta cikin masu surutu, ba ta kuma cikin masu zuwa na ɗaya.

“Mene ne, Barira?”

Ta miƙe. “Malama, ban da gawo.”

“Ban da me?”

“Gawo, Malama. Shi ba a sare shi. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau.”

Ajin ya yi tsit, sai wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da hijabi. Hamdiyya ta ji zafi ya taso mata tun daga wuya har kunnuwa. Ta san sunan gawo, amma da za a jera mata bishiyoyi biyar a ce ta nuna shi, da ta ji kunya. Ta ɗaga littafin mai baƙin bango ta ce, “Ke kika fi wanda ya rubuta wannan sani? Zauna.”

Barira ta zauna.

Bayan mako uku aka yi gwaji, tambayar kuma ta fito. Hamdiyya na zaune a ofishin malamai da jan biro tana bin takardu, duk amsa iri ɗaya kamar an buga da inji, har ta iso kan ta Barira. Yarinyar ta rubuta amsar littafi tsaf da Turanci, babu kuskure ko ɗaya. Sai ta ja layi a ƙasa, ta ci gaba da Hausa da ƙananan baƙaƙe:

“Malama, wannan ta sama ita ce amsar littafi, na rubuta don kada na faɗi. Amma ni ban yarda ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba shi da inuwar da za ta hana gero. Da rani yake yin ganye, dabbobi su kwanta a ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Ki yi haƙuri in na yi rashin kunya.”

Hamdiyya ta karanta sau biyu. Ta so ta ji haushi, amma dariya ce ta ƙwace mata, musamman wurin “don kada na faɗi”. Ta ba ta cikakken maki, ta ninke takardar ta saka a jaka maimakon ta haɗa da sauran.

A hanyar komawa gida ta zauna a gefe tana kallon gonaki. Gero ya kai ƙwauri, ko'ina kore shar. A tsakiyar koren nan ga wasu manyan bishiyoyi tsaye ba ganye, rassansu fari-fari. Shekara biyu tana wuce su, a zatonta matattu ne da aka rasa mai sarewa.

Ta taɓa kafaɗar kujerar direban. “Malam, don Allah waccan wace bishiya ce?”

Ya waiga ya dube ta, ya dubi jakar malamai da ke cinyarta. “Gawo mana, Malama.”

“Tsaya mini minti biyu.”

Sauran fasinjojin suka yi ta gunaguni, amma ta sauka. Ta tattare zaninta ta bi tsakanin kunyoyi, takalminta na nutsewa a danshi, har ta isa gindin bishiyar. Ba sai an yi mata bayani ba. Geron da ke kewaye da gawon ya fi na nesa tsawo da kusan taƙin hannu guda, ganyensa ya yi duhu, karansa ya yi kauri. Ta ɗaga kai, rana ta dake ta a fuska ta tsakanin rassan. Ta tsaya nan tana murmushi ita kaɗai har direban ya yi mata hon sau uku.

Washegari ta shiga aji ba ta buɗe littafin ba. Ta tsaya gaban tebur.

“Ranar nan na faɗa muku wani abu, Barira ta gyara mini, na ce ta zauna. Jiya na je na gani da idona. Ita ce da gaskiya, ni ce na yi kuskure.”

'Yan matan suka dubi juna. Babu wadda ta taɓa jin malami ya faɗi haka.

“Barira, zo ga alli. Ki koya mana, har da ni.”

Barira ta fito tana jan ƙafa. Da farko muryarta ba ta wuce layin gaba ba, amma da ta fara zana gonar kawunta a allo, ta sa gawo uku a inda suke, sai bakinta ya buɗe. Kafin ta gama hannuwa sun tashi ta ko'ina. Wannan ta ce a gonarsu ana haɗa gero da wake a kunya ɗaya, littafi kuwa ya ce a raba. Waccan ta ce ba haka ba ne, babanta ya raba kuma ya fi samu. Ƙararrawa ta buga babu wadda ta motsa. Hamdiyya na zaune a kan bencin Barira tana rubutu da sauri a bayan rajista, tana jin daɗin da ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aikin nan.

Daga ranar ta ware darasin ƙarshe na kowace Alhamis. Ta ce duk wadda ta ji wani abu a aji ko a gida da bai kwanta mata ba, ta tashi ta ce ba ta yarda ba, amma da sharaɗi: ta kawo dalili, kuma ta saurari amsa har ƙarshe.

Ba kullum mai musu ke yin nasara ba. Wata Alhamis Adawiyya, sarauniyar surutun ajin, ta tashi ta rantse cewa irin da aka shuka da hannun hagu ba ya tsirowa, kakarta ce ta faɗa, kuma kakarta ba ta ƙarya. Hamdiyya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sa aka tattaro gwangwanayen madara ashirin, aka cika da ƙasa, aka shuka wake, goma da dama goma da hagu, aka jera a bakin taga. Ranar Talata tara na hagu suka fito, na dama takwas. Adawiyya ta zagaya su tana leƙawa, ta riƙe ƙugu ta ce, “To wallahi sai dai ku je ku faɗa wa Iya da kanku, ni ba ruwana.” Aka yi ta dariya har da ita.

Labari bai daɗe ba ya isa ofis. Malamin lissafi, Malam Abdulsalam, ya kai ƙara cewa yanzu ba ya iya gama darasi, kowace ƙa'ida ya rubuta sai an tambaye shi dalili. Wani uba kuma ya zo har makaranta ya ce 'yarsa ta fara yi masa gardama a kan yadda yake ajiye wake. Ranar Litinin, da Hamdiyya ta kai littafin shirin darasinta don a sa hannu, Malam Barau ya ga ta soke shafi guda na tsohon rubutun ta maye shi da nata. Ya cire tabarau ya nuna mata kujera.

Dattijo ne siriri ɗan garin Balan, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma idan ya ratsa baranda har tsuntsaye kamar suna yin shiru.

“Malama Hamdiyya, da ajinki nake misali. Yanzu daga nan ina jiyo shi kamar ranar kasuwa.”

“Ranka ya daɗe, karatu suke yi.”

“Wane ne ya ba ki izinin canza wannan shafin?”

“Kuskure ne a ciki, ranka ya daɗe. Maganar gawo...”

Ya ɗaga hannu. “Kada ki koya mini gawo. A gindinsa aka yaye ni. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ɗora masa gatari ba.”

Ta buɗe baki da mamaki. “To ashe ka san yarinyar ce da gaskiya.”

“Na sani sarai. Amma mai duba jarrabawar ƙarshe bai san mahaifina ba. Takardar amsa ce a gabansa, abin da ke ciki shi yake nema. Yaran nan iyayensu sun hana kansu abubuwa da yawa kafin su turo su. In suka faɗi, ni za a tambaya. Sannan yarinyar da ta saba ce wa malami ba ta yarda ba, gobe wa za ta ce wa? Ki dakatar da abin nan na Alhamis.”

A da, da “to” kawai Hamdiyya za ta ce ta tashi. Sai ta ji ba za ta iya komawa gaban yaran nan ta ce musu an hana ba, alhali ita ko gwadawa ba ta yi ba.

“Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, amma ban yarda ba.”

Ya ɗago ya dube ta ta saman hanci. Ta yi sauri ta ci gaba kafin ƙarfin halinta ya ƙare.

“Kai ne shugaba, in ka ce a bari za a bari. Roƙona ɗaya ne. Ka zo ranar Alhamis ka faɗa musu da bakinka, da dalilanka, kamar yadda ka faɗa mini. In babu wadda ta iya ba ka amsar da ta gamsar da kai, ni da kaina zan rufe.”

Ya daɗe yana juya biro a hannu. Can ya ce, “Babu wadda za ta iya buɗe baki a gabana.”

“Wataƙila, ranka ya daɗe.”

“To, Allah ya kai mu.”

Ba ta gaya wa ɗaliban komai ba, don kada a ce ta shirya su. Kwana uku tana fargaba. Ranar Alhamis hadari ya haɗu tun hantsi, ajin ya yi duhu-duhu. Ana shiga darasin ƙarshe sai ga Malam Barau da babbar rigarsa ruwan toka. 'Yan mata suka miƙe suka gaishe shi, suka zauna kamar an dasa su. Hamdiyya ta koma bayan aji ta jingina da bango.

Ya yi magana a natse, bai tsoratar da kowa ba. Ya ce jarrabawa na tafe, lokaci kaɗan ne, musu ba ya cikin manhaja, kuma ladabi ya fi ilimi. Ya ce ra'ayinsa shi ne a soke wannan darasi a mayar da shi na bita. Sannan ya harɗe hannuwa a baya.

“An ce mini a nan kowa na faɗin ra'ayinsa. To ga ni. Akwai mai magana?”

Shiru. Adawiyya ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin biro. Hamdiyya ta dubi Barira, Barira na kallon allo. Minti guda ya wuce, aka fara jin yayyafi a kan kwano. Malam Barau ya waiwayo ya dubi Hamdiyya, ba da izgili ba, kamar dai mai cewa ai na faɗa miki.

Sai benci ya yi ƙara a kusurwa. Hussaina ce ta miƙe, ƙaramar yarinya mai in'ina, wadda ko sunanta aka kira a rajista da hannu take amsawa.

“Ra-ranka ya daɗe,” ta ce, tana riƙe da bakin tebur, “ba-ban yarda ba.”

“Madalla. Dalili?”

Maganar ta fito a gutsure, amma babu wadda ta yi dariya. Ta ce abin da ta kwafa kawai, da an yi gwaji yake zubewa daga kanta. Wanda aka yi musu a kansa kuwa, ko tana wanke-wanke yana dawo mata. Saboda haka in don jarrabawa ne, musun ya fi taimakonta.

“Haka kika ce? Bari mu gani.” Ya ɗauki littafin wata a layin gaba ya buɗe farkon shekara. “Kawo mini ire-iren ƙasar noma da siffofin kowacce.”

Hussaina ta kawo ɗaya, ta tsaya, ta girgiza kai.

Ya juya shafuka zuwa na kwanan nan. “To, amfanin haɗa gero da wake a gona ɗaya, da illarsa. Da Turanci.”

Ta rufe ido. Ta jero amfani huɗu da illa biyu, ta ƙara da cewa amfani uku ne littafi ya kawo, na huɗun a aji aka samo shi. Abin mamaki, ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba. Tana rufe baki ajin ya ɓarke da tafi, Adawiyya har da buga tebur. Hamdiyya ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta yi kamar tana gyara mayafi.

Malam Barau bai hana tafin ba. Da ya lafa ya ce, “Akwai kuma?”

Yanzu hannuwa sun fi goma. Ya nuna Barira. Hamdiyya ta saki numfashi, ta san an zo wurin.

“Ranka ya daɗe, ni na yarda da rabin maganarka.”

Hamdiyya ta ɗago da sauri.

“Gaskiya wasunmu suna cewa ba su yarda ba don kawai a ci lokaci, musamman a darasin lissafi in ba su yi aikin gida ba. Kuma wani lokaci muna yin ihu, mai ƙaramar murya ba ta samun shiga. Hussaina ma yau ce rana ta farko da muka bari ta gama magana. Wannan laifinmu ne, kuma Malama ba ta cika tsawatar mana ba.”

Maganar ta ɗan soki Hamdiyya, don ba ta zaci ta nan za a ɓullo mata ba. Amma da ta duba sai ta ga babu ƙarya a ciki, kuma ita ce ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ta ɗaga murya daga bayan aji ta ce, “Na karɓa.”

A nan ne Malam Barau ya yi dariya. Yawancin yaran ba su taɓa ganin haƙoransa ba. Dariya ce ta gaske, har da dafa tebur.

“Wato ba ni kaɗai ake kayarwa a ajin nan ba,” ya ce. Ya goge ido da gefen riga. “To ku saurara. Hussaina ta ba ni amsa, ban da abin cewa. Darasi ya ci gaba. Amma Barira ma ta ba ku amsa. Daga yau mai magana ɗaya ce, sauran ku saurara. Wadda ba ta yi aikin gida ba, ba ta da bakin musu a ranar. A takardar jarrabawa kuma ku fara ba su abin da suka tambaya. Malama Hamdiyya, shafin da kika gyara na sa hannu. In kin ga wani kuskuren, ki kawo mu duba tare.”

“Na gode, ranka ya daɗe.”

Ruwa ya kece sosai a lokacin, babu halin fita ko da an tashi. Malam Barau ya leƙa waje, ya dawo ya ja kujerar malama ya zauna.

“Tunda ruwa ya tsare mu,” ya ce, “akwai abin da ya daɗe yana damuna. Kowace damina kusan rabinku kuna makara, ni kuma ina tsare ku a bakin ƙofa. Ni a ganina lalaci ne. Wa ke da ja?”

Kusan duk ajin ya ɗaga hannu. Suka gaya masa wadda ke kai abinci gona kafin ta taho, da wadda rafi ke tare wa hanya in an kwana ana ruwa, sai ta zagaya ta kan gada. Ya yi ta tambaya, yana musantawa, wani wurin ya gyaɗa kai, wani wurin ya ce wannan kam uzuri ne kawai. Ba a gama a ranar ba. Sai da aka ƙara Alhamis biyu, aka kira shugaban ƙungiyar iyaye, sannan aka amince a ɗaga lokacin rufe ƙofa da minti ashirin har zuwa kaka, a mayar da su a ƙarshen yini.

Hamdiyya ta iso gida ranar a jiƙe sharkaf, ana kiran la'asar. Mahaifiyarta, Hajiya Rekiya, ta tare ta a tsakar gida da tawul tana faɗa.

“Ke kuwa wane irin aiki ne wannan? Dubi yadda kika dawo. Kuma sai murmushi kike yi kamar wadda aka yi wa albishir.”

Hamdiyya ta karɓi tawul ɗin ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsane fuska.

“Hajiya, zuba mini abinci tukuna,” ta ce. “Labarin da tsawo, kuma yunwa nake ji.”